Ba Ya Ji

Ranar da matar Kofur ta faɗi a banɗaki, yana zaune a kujerarsa ta roba, bai fi taku huɗu daga ƙofar ba, yana ɗinke madaurin takalminsa. Aikin ya ci masa lokaci, don fatar ta bushe, idon kuma ya fara yi masa gardama wajen zura zare. Sai da ya gama, ya ɗaga takalmin yana duba ɗinkin, sannan sanyi ya taɓa masa tafin ƙafa. Ruwa ne ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Da ya tura ya same ta a ƙasa, ta jingina da bokiti, famfo na ta zuba, leɓɓanta na motsi. Daga baya ta shaida wa 'yarsu cewa ta fi rabin awa tana kiransa.

Kofur dai kurma ne, ko kusa da haka. Kunnen hagu ya mutu tun zamanin yaƙin basasa, na dama kuwa sai an matso an ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi. Bayan yaƙin ya yi aure, don haka matar ba ta taɓa saninsa da kunne ba. Shekara arba'in da ɗoriya tana yi masa magana da iya ƙarfinta, har ta kai ko gishiri za ta ce a miƙo mata sai gida uku sun ji. 'Yan layin suka sa mata Lasifika, ta kuwa amsa. In sun yi faɗa unguwa ta sani, in sun shirya ma ba ya ɓuya.

Bara ne wani ƙari ya fito mata a maƙogwaro. Likitoci suka yi aiki suka cire shi, suka haɗa da muryar. Abin da ya rage mata raɗa ce, irin wadda ko mai lafiyayyen kunne sai ya sunkuya. Ba ta iya rubutu ba. Shi kuma ya iya karanta baki, amma bakin mai ihu, wanda ke buɗewa sosai. Na mai raɗa bai san kansa ba. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, sai kallo da nuni, kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha.

Auta, 'yarsu mai shagon ɗinki, ita ta zo ta canza wa uwar kaya ta shafa mata magani a ƙugu. Da ta gama ta kawo bakinta gefen kunnensa na dama.

"Baba, gobe za mu asibitin sojoji. Na'ura za a sa maka a kunne."

"Wa ya kunna?"

"A kunne, Baba! Kunne!"

"To ai na ji. Sai ihu kamar uwarki."

Don a yi dariya ya faɗa. Ya duba, babu wadda ta yi.

A asibitin wata likita ta zaunar da shi a wani ɗan ɗaki marar taga, ta kifa masa abin sauraro a ka, ta ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ya zauna, tafukansa a kan gwiwa, yana jiran a fara, har sai da ta leƙo ta duba ko injin ne ya lalace. A ƙarshe ta ce na hagu sai haƙuri, amma na dama da sauran rai, na'ura za ta taimaka ƙwarai. A kanti abin ya fi ƙarfinsu, Auta ta riga ta tambaya. Asibitin na bayarwa kyauta, amma ga wanda a fagen fama ya sami raunin. Likitar ta cike fom ta ce su kai ofishin tsofaffin sojoji a buga hatimi.

Ofishin yana hawa na biyu. Kofur ya huta sau biyu a matakala. Bencina uku ne a ciki, da fankar da ba ta juyawa, da kabad-kabad na ƙarfe da suka ƙi rufuwa saboda cikar fayil. Akawun, wani mai furfura kaɗan da tabarau rataye a zare, ya karɓi fom ɗin ba tare da ya ɗago ba. Da ya ga lambar aikin sai ya ɗago, ya dubi Kofur, ya dubi hoton wani soja da ke rataye cikin gilas a bango, ya miƙe tsaye har kujerarsa ta faɗi.

"Kunnen-ƙashi! Na bakin gada! Baba, kai ne da kanka?"

Kofur ya gane sunan a leɓɓansa. Ya daɗe yana ganinsa a bakin mutane. Ya gyaɗa kai.

"Ai wannan aikin an gama," in ji akawun. "Ku zauna, ku zauna. Mutum irinka a sa shi bin layi?"

Ya haɗa gumi kafin ya zaƙulo fayil ɗin, ya kakkaɓe shi a cinya, ya buɗe. Ya fara karantawa da murmushi. Yatsansa ya tsaya a kan wani layi, ya koma kan fom ɗin likita, ya sake dawowa. Murmushin ya tafi.

"Malam, lafiya?" in ji Auta.

"Ƙanwata, saurari nan." Ya gyara tabarau. "'Bayan an ba da umarnin ja da baya har sau uku, kuma ya ji, sai ya ƙi barin bakin gada, ya tsaya shi kaɗai da bindigarsa fiye da awa guda, har mutum talatin da ɗaya suka ƙetare lafiya.' Wannan takardar yabonsa ce. Fom ɗinku kuma ya ce igwa ce ta kashe kunnen da safiyar ranar. To wanda kunnensa ya mutu da safe, yaya aka yi ya ji umarni da rana?"

"Ni ina na sani? Tun da na buɗe ido ba ya ji."

"Na yarda. Amma takarda biyu ba sa faɗa a fayil ɗaya. Ga shi kuma an rubuta ya yi shekara ashirin da shida a injin yankan katako. Kwamiti zai ce injin ne ya cinye kunnen."

"Ai don ba ya ji suka ɗauke shi! Duk wanda aka sa a wurin sai ya gudu, shi kaɗai ya zauna!"

"Kada ki cinye ni ɗanye, ba ni na rubuta ba."

Kofur yana bin bakinsu da ido, daga wannan zuwa wannan, kamar mai kallon ƙwallo. Ya taɓa hannun Auta. Ta sunkuyo ta faɗa masa, da ƙarfi, har mutanen da ke kan benci suka daina hirarsu.

"Da wata hanya?" ya tambayi akawun.

Akawun ya zagayo teburin ya matso kunnensa. Ya ce akwai. Sai dai Kofur ya rubuta rantsuwa cewa layin nan kuskure ne, ya kawo mutum ɗaya da yake wurin ranar ya sa hannu. Sai ya rage murya, ya tuna, ya sake ɗagawa.

"Amma Baba, lambar yabon a kan layin nan take zaune. In aka zare shi, ban san abin da zai riƙe ta ba."

Kofur ya zauna a motar komawa gida. Yana kallon gari na wucewa ta taga, shiru kamar kullum.

Abin da ya faru a bakin gadar bai kai a sa shi a gilas a rataye ba. Raminsa yana can gaba, wani tudun ƙasa ya kare shi daga sauran. Tun da safe Saje ya ce masa ya tsare bakin gada har a ce ya tashi. Hantsi bai gama yi ba harsashin igwa ya faɗo gefen ramin, ya kashe abokinsa mai miƙa masa jigidar harsashi, shi kuma ya maka shi da bango. Da ya farfaɗo duniya ta yi tsit, kamar an danna kansa cikin ruwa. Ya ja kunamar bindiga, ya gan ta tana rawa a hannunsa, tana tofar da kwanso, babu ƙara. An ce ya tsaya har a ce ya tashi, ba wanda ya ce, sai ya ci gaba. Da akwatin ƙarshe ya ƙare ya leƙa bayan tudun don ya nemi ƙari. Babu kowa. Sai huluna, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya yar da bindigar ya bi gadar da gudu, kuma bai taɓa gaya wa kowa halin da wandonsa ke ciki ba lokacin da ya isa.

Likitan sansani ya wanke masa kunnen ya ce jin zai dawo. Bai dawo ba. Bayan wata biyu aka jera su a fili, wani babban hafsa ya karanta takarda, Kofur na kallon bakinsa na motsi. Na kusa da shi ya zungure shi, ya fita ya ƙame, aka maƙala masa lamba. Ya ɗauka don ya yi harbi da yawa ne. In an yi masa magana bai amsa ba sai a ce ka ji shi, Kunnen-ƙashi, ko Kyaftin bai saurara ba balle kai.

Sai da ya shiga ajin manya, yana da 'ya'ya uku, ya fara haɗa baƙi, sannan wata rana ya ciro takardar daga akwati don ya gwada karatunsa. Ya bi ta da yatsa har ya kai "kuma ya ji". Ya maimaita sau uku ko shi ne bai iya ba. A lokacin ya shekara goma sha ɗaya ana aiko masa da mota ranar taron 'yan mazan jiya, ana zaunar da shi a sahun gaba, Lasifika na goge masa kaki tun ana saura kwana biyu tana shelanta wa maƙwabta. Me zai ce, kuma wa zai gaya wa? Ya ninke takardar ya mayar. Kowace shekara ya je, ya zauna, a karanta, a tafa, ya dawo gida da ciwon baya.

Da suka isa gida ya ja kujerarsa bakin gado, ya ce Auta ta tsaya. Ya ba matar labarin tun daga igwa har zuwa ajin manya, idonsa a kan zanen gado. Wando kawai ya tsallake. Da ya gama ya ɗago. Bakinta na ta motsi, ta daɗe tana yi. Auta ta kara kunnenta, sai ta toshe baki da hannu.

"Me ta ce?"

"Ta ce mutumin da tukunya ke faɗuwa a bayansa ko gezau, wane umarni zai ji? Ta ce tun satin farko ta gane."

"Shi ne ba ta taɓa faɗa ba?"

Auta ta sake sunkuyawa. "Ta ce da wace murya za ta faɗa, unguwa ba ta ji ba?" Uwar ta ja mata hannun riga ta ƙara wani abu. "Ta ce ba lambar ta aura ba." Aka sake jan rigar. "Ta ce a'a, tsakani da Allah lambar ta ɗan taimaka."

Cikin talatin da ɗayan nan, wanda Kofur ya san yana raye kuma ƙafa za ta kai gare shi mutum ɗaya ne, Saje. Yana zaune wurin ɗansa, mai garejin gyaran motoci a ɗaya gefen gari. Mota biyu suka shiga kafin su kai. Suka same shi ƙarƙashin rumfar kwano, a kan tsohuwar kujerar mota da aka ciro aka ɗora a bulo, ƙafarsa ɗaya ta kumbura an naɗe ta da bandeji. Makanikai huɗu na aiki a gabansa, kowa baƙi ƙirin da mai.

"Kunnen-ƙashi! Ba ka mutu ba?"

"Iye?"

"Na ce ba ka mutu ba?"

"Kai nake jira. Saje ke gaba, kofur na biye."

"Ɗan banza. Ku ba shi wuri! Kai, bar motar nan ka zo ka ga mutumin da nake ba ku labari. Sau uku ina kiransa, ya juyo ya dube ni ya ce, Saje, ku wuce, ni ina nan."

Makanikan suka zo suka gaisa, suna goge hannu a wando. Kofur ya ga labarin a hannuwan Saje, yadda yake nuna gada da bindiga, ya san inda aka kai. Ya bari aka watse, sannan ya ciro takardar rantsuwar da Auta ta buga masa, ya ɗora masa a cinya. Saje ya nisanta ta da idonsa ya karanta. Ya daɗe a kai, fiye da yadda layi shida ke bukata.

"Wa ya sa ka wannan?"

Auta ta yi masa bayani: aikin maƙogwaro, banɗaki, likita, akawu. Saje yana ji yana murza bandejinsa.

"'Yata, ɗan ba mu wuri."

Ta koma gefe ta zauna a kan taya. Saje ya matso, ya dubi makanikan, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Kofur.

Saje ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

"Saje, ka san halina. Buɗe baki."

"Kai, wannan magana ba ta ihu ba ce!"

"Ni kuwa ita kaɗai nake ji."

Saje ya share fuska da tafin hannu. Ya dubi ɗansa, wanda ke kwance ƙarƙashin wata mota ƙafafunsa kaɗai a waje. Sannan ya kama kafaɗar Kofur ya kawo bakinsa kunnen dama, ya saki muryar da yake ba da fareti da ita.

"Na ga jini a kunnenka! Na hau tudun, na kira ka sau uku, na ga jinin na bi maka wuya! Na san ba ka ji! Taku goma ne tsakaninmu, in zo in ja rigarka, shi ke nan! Amma filin a buɗe yake, harsashi na tashin ƙasa! Na gudu na bar ka!"

Ƙarar guduma ta tsaya. Kofur bai san ta tsaya ba, ya dai ga hannuwa sun daina motsi, ƙafafun da ke ƙarƙashin mota sun janyo kansu waje.

Saje bai saki kafaɗar ba. "Da muka ƙetare Kyaftin ya ce, ina mutuminka? Na ce, yallaɓai, ba ya ji. Wallahi abin da na faɗa ke nan, ba ya ji! Sai ya ce, au, ba ya jin magana? Taurin kai ko? Zai gamu da ni. Can da ya ga kai ka tare su har raunanan suka wuce, sai taurin kan ya zama jarumta. Ya zauna ya rubuta. Ni kuma na yi shiru, don in na ce kurma ne, tambaya ta gaba ita ce, to kai da ka sani me ka yi?"

Ya saki kafaɗar ya jingina, yana haki.

Kofur ya zauna yana kallon baƙin man da ya jiƙa ƙasa. Ya laluba cikinsa ko zai sami fushi, bai samu ba. Da shekara talatin da suka wuce ne wataƙila. Yanzu gwiwarsa ce ke ciwo, ga mota biyu na jiransu kafin gida.

"Da ni ne, ban san ko zan zo ba," ya ce.

"Kada ka yi mini kirki, ba na so."

"To sa hannu."

"Ka san za su karɓe lambar?"

"Lamba a akwati take, Saje. Ba ta faɗuwa a banɗaki."

Saje ya miƙa hannu ba tare da ya dubi kowa ba. Ɗansa ne ya ciro biro daga aljihu ya sa masa. Ya ɗora takardar a kan murfin batir ya sa hannu, ya rubuta lambar aikinsa a ƙasa, bai manta ko ɗaya ba. Da zai miƙa sai ya riƙe gefenta.

"Ko ka ji ko ba ka ji ba, ni dai 'ya'ya tara na haifa bayan ranar nan. Ga ɗaya nan tsaye ya saki baki kamar ba shi da aiki. Kai, koma ƙarƙashin motarka!"

Manjon da ya karɓi rantsuwar ba a haife shi ba lokacin yaƙin. Ya karanta, ya nemi Kofur ya maimaita da bakinsa, yana rubutawa. Akawun na tsaye a gefe yana isar da tambayoyin da ƙarfi.

"Yaushe ka gane kai kaɗai ne?"

"Da harsashi ya ƙare, yallaɓai."

"Sai ka yi me?"

"Sai na gudu. Na fi kowa gudu, don su da rauni suka tafi, ni ƙafata lafiya."

Manjon ya ajiye biro ya dube shi, kamar yana jiran a ce wasa ne. Ya sake ɗauka ya rubuta. Ya ce zai buga hatimi a fom ɗin likita, wannan a hannunsa yake. Maganar lamba kuwa ta hedikwata ce, ba zai yi alkawarin komai ba.

Wata biyar aka yi. Na'urar sai an auna kunne an aika, sai ta iso, sai mai haɗawa ya dawo daga hutu. Sau huɗu suna zuwa ana cewa su dawo. A tsakani Auta ta kawo doguwar igiyar ɗinki ta ɗaura gefe ɗaya a ƙarfen gado, ɗayan a wuyan hannunsa, in uwar na son abu ta ja. Ya yi ta yawo a gida kamar akuyar da aka ɗaure, in ya manta ya nufi ƙofa sai gado ya dawo da shi. Wasiƙa ta zo daga hedikwata, layi uku, cewa an dakatar da sunansa daga jerin masu lamba har a kammala bincike. Ranar taron 'yan mazan jiya mota ba ta zo ba. Wani maƙwabci ya tare shi a ƙofa yana tambaya, Kofur ya nuna kunnensa ya wuce. Da suka koma ofis karɓar fom, inda hoton yake a bango sai ƙusa da wani murabba'i da fentinsa ya fi na gefe haske. Akawun ya yi ta kame-kame, wai an kai a goge gilas ɗin.

Ranar da aka sa na'urar, likitar ta tura masa ita cikin kunne ta murɗa wani ɗan abu a baya. Wani ƙara ya soke shi har ya kama hannun kujera. Sai ya lafa. Sai ga wani abu na shuu a sama. Ya ɗaga kai, iska ce ke fita ta injin sanyaya ɗaki.

"Baba, kana ji na?"

Ya juya. Auta ce. Muryar siririya ce, da ɗan kaushi a ƙarshenta. Shekararta talatin da huɗu, ihunta kawai ya sani.

"Haka muryarki take?" ya ce, sai ya firgita da tasa. "Kai! Haka nake yi muku?"

"Kullum, Baba."

Titi ya kusa kayar da shi. Hon, babura, mai gyaran tukunya na dukan ƙarfe, wata mata na zagin direba, duk suka shigo lokaci ɗaya, ba wanda ya jira wani. A mota ya so ya cire ta ya sa a aljihu, Auta ta riƙe masa hannu. Kafin su sauka kansa na sarawa, ya gaji fiye da ranar da ya yi mota huɗu zuwa wurin Saje da dawowa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga gida. Auta ta ce za ta leƙa shago ta dawo, ta bar su. Ƙofar ɗakin ta yi ƙara da ya tura, bai san tana yi ba. Matar na kwance ta ba bango baya, idonta biyu. Ya ja kujera, ƙafafun kujerar suka kurza siminti, ya runtse ido. Ya zauna ya juya mata kunnen dama.

"To, yi magana."

Ta dube shi, ta dubi abin da ke kunnen. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar wadda aka kawo yau.

"Me zan ce?"

Can ƙasa maganar take, kamar ana jan takarda a kan tebur. Amma ta iso.

"Sake faɗa."

"Na ce me zan ce."

"Ko me."

Ta ɗan yi tunani. Sannan ta ce filon nan ya yi mata tauri, wata takwas ke nan tana nuna masa yana kawo mata ruwa. Ta ce shayin da yake haɗa mata sukari ya yi yawa. Ta ce mutumin da ke gaishe shi kullum a ƙofa yana washe baki, ba gaisuwa yake yi ba, tsiya yake masa. Kalma uku huɗu take yi ta tsaya ta ja numfashi, shi kuma ya jira, bai katse ta ba.

A cikin jiran ne ya lura da wani sauti, siriri, kamar butar da ta kusa tafasa. Ya dubi taga, ya dubi ƙofa. Ya taɓa na'urar ko ita ce. Sai ya gane yana zuwa ne duk lokacin da ta ja iska, ya tafi in ta saki. Ya sunkuya ya kawo kunnen kusa da ƙirjinta.

"Tun yaushe yake wannan kukan?"

"Ba komai ba ne."

"Na ce tun yaushe?"

"Wata biyu. Ko uku."

"Auta ta sani?"

"In ta zo ina dannewa. Tana da nata matsalolin."

"Ni fa?"

"Kai ai ba sai na danne ba."

Ya zauna da hannunsa a kan mayafinta, yana sauraron abin na shiga yana fita. Daga waje ya ji ƙarar ƙarfe, sakatar ƙofar gida ce ake ja, sai takun takalmi a kan tsakuwa. Ashe Auta ta tsaya wanke kofuna, yanzu take fita. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya bi ta kafin ta kai titi.